Man Haruna ko na Gidan Mai

Ke, ajiye bokitin nan tukuna, abin da aka gaya miki rabin labari ne! Rabe dai, mijin Kaltume maƙwabciyarmu, telan nan da ke ɗinki a Babbar Kasuwa, jiya ya sha fama, kuma duk a kan man da zai zuba wa mashin.

Kin san asalin abin ai. Ranar da naƙuda ta kama Kaltume, da rana tsaka, ya ɗora ta a mashin za su asibiti. Ko fita Badarawa ba su yi ba mashin ya fara tari, ya yi ta yi, ya mutu murus a tsakiyar titi. Rabe ya buga, ya kwantar da shi, ya hura tanki da baki, ina! Sai wani mai keke napep ne ya tausaya ya ƙarasa da ita. Allah ya sauke ta lafiya, aka samu 'ya mace, Khadijat. Da bakanike ya duba ya ce laifin mai ne, an gauraya shi da kalanzir. Tun daga nan Inna Bilkisu, uwar Kaltume, ta kafe: jikarta ba za ta hau mashin ɗin nan ba.

Kaltume ta tafi wankan gida can Kawo. Da arba'in ta ƙarato sai ta kira shi a waya, murya ƙasa-ƙasa kar a ji: "Ni dai kai nake so ka dawo da mu. Su gwaggo su biyo mu da gara a keke."

Rabe ya ce to. Dama abin na cin ransa. Shi da ya kasa kai matarsa ranar wahala, a ce ranar murna ma wani ne zai kawo ta? Inna kuwa suruka ce, ba za ta tsaya musu da shi ba, sai ta aiko Mansur, yayan Kaltume, da saƙo: ana idar da la'asar za a tashi. In ya zo a gani, in bai zo ba keke ya kwashi kowa.

To jiyan sai ga mai ya yi wuya a gari, layi a gidan mai kamar ba zai ƙare ba, tankin Rabe kuma saura ɗan kaɗan. Bayan azahar ya tsaya wurin Haruna, mai sayar da mai a kwalabe a bakin layinmu. Shekara da shekaru a nan yake sha, ba layi, ba hayaniya, ga hira. Man da ya ba shi kunya ranar naƙuda ma daga teburin nan ya fito, amma Rabe bai taɓa faɗa masa ba, don ya san shi ma saro shi yake yi.

"Angon ƙarni! Ina zuwa da sabuwar shadda haka?" in ji Haruna.

"Kawo. Yau za a dawo min da iyali. Zuba min kwalba biyu, sauri nake."

Haruna ya ɗauko kwalba, sai ya tsaya. "Har da jaririyar za ka ɗauko?"

"Har da ita."

Haruna ya tsoma yatsa a ciki, ya ɗaga ya hura. Mai mai kyau nan take yake bushewa, yatsa ya yi sanyi. Wannan kuwa sai ya bar maiƙo yana sheƙi. Haruna ya goge a wando.

"Zuwa dai zai kai ka, wataƙila. Dawowar ce ban sani ba. Ni ba zan hana ka ba, amma ka gani da idonka."

Rabe ya dubi kwalbar, ya dubi rana. In ya zuba wannan, yanzu yana Kawo. In ya bi layi, la'asar za ta iya riskarsa a can, keke ya tafi da su. Sai ya tuno Kaltume a bakin titi ranar nan, ta dafa kafaɗarsa tana cije leɓe, shi yana ta buga mashin.

"Gidan mai zan je," ya ce.

"To sauko. Na cikin tankin ma irinsa ne, in ka haɗa su ka ɓata mai kyan." Haruna ya zare tiyo ya tsiyaye shi tas a jarka. "Sai ka tura. Ka naɗe hannun riga, kar amarya ta ce gawayi ka je sarowa."

Haka Rabe ya tura mashin cikin ranar nan, shadda na manne masa a baya. A layin masu mashin ya roƙi arziki, wasu suka ce wuce, Allah ya raya. Wani dattijo kuwa ya ce, "Kowa nan da matarsa, malam, tsaya inda kake." Ya tsaya. Yana nan aka kira la'asar, suka yi salla a gefe kowa na satar kallon mashin ɗinsa. Da aka zo kansa ya ce a cika har baki.

Ya isa Kawo a makare. Sai ga keke a ƙofar gida an loda gara, buhu da kwanuka, gwaggonni sun shiga sun zauna, amma ba a tashi ba. Ashe Kaka Lami, kakar Kaltume, ita ta tsayar da kowa, wai takalminta ɗaya ya ɓata, kuma ba ta zuwa gidan jika da ƙafa ɗaya. Ana jin ƙarar mashin sai ta ɗaga zane, ga takalmi, ashe a kansa take zaune!

"Mijina, sai yanzu?" in ji ta, kin san wasan kaka. "Na ɗauka ka sake ni ne."

Rabe ya durƙusa a zaure ya gaida Inna ta bayan labule. Inna ta amsa a taƙaice, sannan ta ce wa Mansur, yadda kowa zai ji, "Gaya masa ni ban yarda da abin nan ba."

"Ni zan fara hawa," in ji Kaka Lami. "Ni ce uwargida. In ya kai ni kwanar masallaci ya dawo da ni bai yi tari ba, magana ta ƙare."

Kaka kuwa ba ƙaramar mace ba ce, sai da mutum biyu suka ɗora ta. Bugu ɗaya mashin ya tashi. Suka tafi tana riƙe da rigarsa tana salati, suka dawo tana cewa a ƙara zagaye. Ko tari ɗaya babu.

Can sai labule ya motsa, Inna ta fito da jaririyar a hannu, ba ta dubi Rabe ba. Da kanta ta goya wa Kaltume ita, ta ɗaure zane, ta ƙara majanyi ta ƙulle tamau, ta gyara wa 'yar hula. "Gaya masa a hankali," ta ce wa Mansur.

A hankali kuwa! Har masu keken ƙafa na wuce su. Kaltume ta ce duk ramin da ya gani sai ya sa ƙafa ƙasa ya waiwayo ya ce, "Tana barci?" Ita kuma kunyar 'yar fari ta hana ta amsawa, sai dai ta ɗan matse masa kafaɗa.

Suna nan ciki yanzu, yarinya ta yi ɓul-ɓul, kumatu kamar a taɓa jini ya fito. Don Allah in kin fita ki biya ta wajen maƙwabtanmu su Nafisat ki gaya musu, su zo barka da dawowa tun dublan bai ƙare ba.