Ɗorawar da ta Rage a Cikaji

Ɗorawa uku uwata ta bar mini. Gonar da suke ciki, a Cikaji, ta gidan mijina ce, amma bishiyoyin namu ne tun kakata, kuma kowa a Hanwa ya san haka. Ƙasa daban, itace daban. Da kalwarsu nake daddawa, da daddawar nake ci da kaina tun rasuwar maigidana.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Zariya, sai ga mutane suna jan sarƙa cikin karan dawa, suna kafa turaku. Aka ce gari za a yi wa baƙi, don nan ne kusa da tasha, ga ruwa, ga fili a shimfiɗe. Kafin mu farga, inda muke korar birai ya zama layin ɗakuna, ga Yarabawa, ga Nufawa, ga waɗanda ban taɓa jin bakinsu ba. Sabon Gari ke nan. Can gefe aka kafa injin gurzar auduga, wanda ba ya ƙoshi da itace.

Uba, ƙanin mijina, shi aka ba musanyar gona a bayan Dogarawa. Ni ba wanda ya tambaye ni. Da na ɗaga murya, Mai Unguwa Hamza ya ce in kwantar da hankalina, an yi shela ba a sare itace mai 'ya'ya muddin yana da rai, busasshe kaɗai ake kai wa injin. Na riƙe maganar nan. Ashe ba ni kaɗai na riƙe ta ba.

Bishiyoyina suka faɗa cikin filin wani kafinta, Toma, mutumin kudancin Zazzau, da matarsa Keziya. In na zo, har ƙasa suke gaishe ni, Goggo kaza, Goggo kaza. Gaisuwar ta yi mini yawa.

Ta fari ta bushe ana tsakiyar damina. Wa ya taɓa ganin haka? Ban gama mamaki ba sai ga Uba da jakuna, ashe shi ya sami kwangilar kai wa injin makamashi. Yana dariya ya ce tsufa ne, matar yaya, ni ma in shirya. Ban yi dariya ba. Da kaka, bishiya ta biyu ta bi ta.

Sai na lura an tara ƙasa a gindin ta uku, kamar yadda na gani a gindin 'yan'uwanta. Na sa hannu na tone. An yanke ɓawon a zagaye, an cire, an shafe wurin da laka. Saura kamar faɗin tafin hannu yankan ya haɗe. Ba saran gatari ba ne, a miƙe yake sumul, aikin zarto.

Zarto ɗaya na sani a layin nan, na Toma. Toma ya ce mahaukaci ne shi da zai kashe inuwar da yake aiki a ƙarƙashinta? Amma ni na taɓa ganinsa yana auna ɗaki da ƙafa daidai wurin. Keziya ta biyo ni bakin darni, ta ce zarton yakan fita aro, ba ta san hannun wa yake zuwa ba. Uba ya rantse ya ce shi ban da gatari bai san komai ba, gawa kawai yake ɗauka.

Na kai ƙara wurin Mai Unguwa. Ina durƙushe ina magana, idona na kan ƙofar zaurensa. Bara asabari ne a wurin. Yanzu ƙyaure ne na katako, sabo fil, irin aikin Toma, kuma na ɗorawa ne, don na girma ina ganin cikin itacenta.

Ya ce bai ga wanda ya yanka ba, ni ma ban gani ba. Sannan ya ce, "In ta yi tutu da rani, taki ce. In ba ta yi fure ba, makamashi ce, Uba ya ɗauka."

Na koma na kwaɓa kashin shanu da yumɓu na liƙe yankan, na ɗaure da rama. Na kwaso tukwanena da tabarmata daga Hanwa na sauke a gindinta. Toma ya fito yana cewa filinsa ne, Bature ya auna masa.

Na ce, "Ƙasa taka ce, ɗana, ban taɓa maka ba. A kan saiwata nake zaune."

Haka na zauna. A nan nake dafa ɗan kalwar da ya rage mini, matan layi suna zuwa saye, ko gaisuwata ba su iya ba sai nuni da yatsa. Ganye ya zube. Kullum Uba ya dawo daga dajin hanyar Samaru sai ya tsai da jakunansa, ya ɗaga kai sama, ya tambaye ni ya mai jiki.

Wata safiya na ga ja a reshen gabas, ta wajen ɓawon da ya tsira. Tutu ne, 'yan kaɗan, suna lilo, zuma na kewaya su. In na tsinka na kai, za a ce a wata bishiya na samo. In na tafi kiran Mai Unguwa, kafin in dawo an kakkaɓe. Na dubi Keziya tana shara. Ban yarda da ita ba, amma gara in aike ta da in bar ta da bishiyar.

Ta je kuwa. Mai Unguwa ya zo, Uba na biye da shi, Toma ya ajiye guduma. Mai Unguwa ya daɗe yana duban reshen.

Ya ce, "Tana da rai. Bana kam taki ce, Bilkisu."

Na ji wannan "bana". Na ce to biyun da aka kashe fa? Ya ce in kawo shaida.

"Ranka ya daɗe, shaidata tana rataye a zaurenka. Ranar da na sami mai tsare mini nan, alƙalin Birni zai ji sunanta."

Mai Unguwa ya juya ya tafi. Uba ya kora jakunansa babu ko zolaya.

Har yau ban sami mai tsaron ba. Keziya takan kawo tulun ruwa ta ce a zuba wa bishiya, Goggo. Ina karɓa in gode. Amma sai na ɗanɗana tukuna, in ji ko an zuba gishiri don a kashe ta.