Tafin Hannun Ntate Ramaili

Shekara talatin Ntate Ramaili, wato Baba Ramaili a yarensu, yana kai baƙi kan duwatsun Maloti, sai bana idonsa ya dushe, ya kuwa ɓoye wa kowa. Da lokacin sabunta takardarsa ta jagora ya yi, ofis ya turo Mme Likeleli, wato Malama Likeleli, masaniyar duwatsu, ta bi shi ta ga ko har yanzu zai iya. In ta gano, shi da hawa har abada. Tsoro yake ji ba kaɗan ba.

Tun da safe ya kusa tona wa kansa asiri. Wani siririn dutse ya hango a gefen hanya, ya zaci makiyayi ne lulluɓe da bargo, ya ɗaga masa hula har da tambayar tumaki. Likeleli ta dube shi, ta ci gaba da tafiya.

Suna dab da kaiwa sama hazo ya rufe su, ko ƙafarta ba ta gani.

"Ntate, mun ɓata!"

"Ke dai kika ɓata, 'yata. Kama bargona."

Ya ɗora tafinsa a jikin dutse, ya shafa, ya murza yatsu. "Wannan mai yashi ne, yana bar maka gari a hannu. Muddin muna tare da shi, akwai rami a hagu." Suka yi ta lallaɓawa. Can ya tsaya, ya kamo hannunta ya ɗora. "Ji nan. Baƙin dutsen ya fara, mai tauri, ga fararen tsakuwoyi a cikinsa kamar wake a tuwon masara. Taku arba'in, sai fili."

Wannan layin, inda narkakken dutse ya malalo ya danne yashi tun kafin a yi mutum, ta sha zana shi a allo. Ba ta taɓa jin sa a fatarta ba.

Taku arba'in cif, suka fito fili. Ta zauna ta ciro takardar.

"Ntate, na san ba ka gani. Da safe dutse ka gaisar."

"Ai ya girme ni," ya ce. "Rubuta abin da za ki rubuta."

Ta rubuta, ta miƙa masa. Ya riƙe a juye, kunya ta hana shi tambaya. Sai ta matso ta karanta masa a hankali.

"An sabunta. Ya san hanya."