Hoton Ɗakin Kaka Nababa

…wai ba kala, baƙi da fari ne kawai. To sai me? Asama'u tana ƙara matso da hoton kusa da idonta. Ga shi nan a tsaye — ɗakin Kaka Nababa, kakan marigayi mijinta, wanda ya sare dajin nan ya kafa gida. Bangon laka, sabuwar jinka, dammunan gero jingine har sun kusa toshe ƙofa.

Damina biyu ba ruwa. Gari ya watse… gidan maƙwabcinta Malam Uwaisu ya koma kango, awaki sun ƙare. Ɗanta Khalilu ma, ranar da zai tafi Kano dako —

"Inna, ki taso mu tafi. Ɗakin nan ba zai ga wata damina ba."

"Je ka, Allah ya tsare. Ni ina da ajiya."

Ajiya… tulun iri, binne a ƙarƙashin gadon ƙasa. Geron Kaka, mai saurin nuna. A kansa take kwana, ciki na kuka. Dusa ta ci. Ganyen aduwa ta ci. Sau nawa ta kai hannu bakin tulun nan ta janye? Wa ya gani? Allah ya gani.

Sai ga bana — sama ta sako, ƙasa ta jiƙe, duk ƙauyen ba mai ƙwayar iri sai ita. Ƙoƙo-ƙoƙo ta raba, har da waɗanda suka ce ta zare. Geron da aka yanka daga nan zuwa hanyar Minjibir, ina ya fito? Ina, in ba wannan ɗakin ba?

Da ƙafarta ta je kasuwa ta ɗauko mai hoto, ya kafa akwatinsa, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Gobe direban motar Kano zai kai wa Khalilu. Ba saƙon baki. Bari yaron ya gani da idonsa — ɗaki yana nan, gero yana nan.

Amma… wannan tsohuwar da ke gefen ƙofa fa? Wuya kamar karan dawa, zani ya zagaye ta har ya yi saura. Tana kai yatsa kan fuskar. Murmushi ma matar take yi.

Tana zama kan turmi, hoton a cinya.

Ashe ita ce, haka ta koma… Ashe har wannan ma Khalilu zai gani.