Dabinon Hinda

Ran da dabinon Hinda ya nuna alamar huda, ko ɗankwali ba ta tsaya ɗaurawa ba ta fito ƙofar gida tana kiran maƙwabta. Tsohuwar da sai ta dafa bango take miƙewa, sai ga ta tana sauri kamar an ce ana rabon tsaba. Muka bi ta har bayan ɗakinta, inda take ɗan lambunta na yakuwa da barkono da zogale, ta nuna mana wani abu mai kamar kuben wuƙa da ya leƙo tsakanin rassan. Murna ta hana ta magana, sai nuni take yi da hannu tana dariya.

Wanda bai san tarihin itacen nan ba zai ce abin ya yi yawa. Ƙwallo ne ta binne tun kafin fari, na dabinon da ƙanenta ya kawo mata daga kwarin ubansu can wajen Dogo-Dogo. Da ruwan alwalarta ta raine shi, da ruwan wankin gero. Shekarun da sama ta ƙi, rijiya ta yi nisa, shanu suka ƙare, yakuwar ta bushe, zogalen ya zama sanda, amma Hinda ba ta fasa rage ɗan abin da ke butarta ta zuba wa dabino ba. Har da ni cikin masu cewa tsufa ya fara taɓa ta. Ita kuwa burinta ɗaya, ta sa ɗan itacen nan a bakinta kafin ta koma ga Allah.

Sai dai dabinon ƙwallo ba a sanin mace ne ko namiji sai ya yi huda, namiji kuma ba ya ƴaƴa. Illa, ɗanta na fari kuma mai gidan, ya daɗe yana son wurin don ya yi wa yaransa ɗaki, har ya buga tubali ya jera. Ba mugun ɗa ba ne, gidan ne ya yi musu kaɗan. Da ya matsa, suka yi magana gaban mutane: in mace ce ta zauna, in namiji ne a sare. Hinda da bakinta ta yarda, don ko a mafarki ba ta taɓa kawo cewa zai zama namiji ba.

Kuben ya tsage da wata safiya. Fure ya fito fari, cunkus, kana taɓa shi gari na zuba kamar an kaɗe buhu. Ba sai an kira masani ba. Hinda ta duba, ta sake dubawa, ta shige ɗaki ta ja tabarmar ƙofa. Ranar ko kunu ba ta sha ba, ni kaina na ji tausayinta har cikin raina. Illa ya ce zai bari a ci kasuwar Dungas tukuna, kuma can nesa da ɗakinta ya wasa gatarinsa don kada ta ji.

To, bakin mata ba ya riƙe labari. A kasuwa aka mai da abin raha, ana cewa Hinda ta yi shekaru tana rainon ƙato da ruwan alwala. Ana cikin dariya maganar ta faɗa kunnen Maiwada, wani mai lambu a kwarin da ke gabas da garinmu. Bai yi dariya ba. Ya sake tambaya ko namiji aka ce, kuma ko yana cikin huda yanzu. Da aka ce masa e, ya bar wa maƙwabcinsa albasarsa, ya hau jaki ya yi ta duka kamar jakin ne ya yi masa laifi.

Ashe mutanen kwari suna cikin wani hali da kunya ta hana su faɗi. Lokacin yunwa, duk mai namijin dabino ya sare nasa ya sayar wa masu rufin soro, tunda ba ya ba da komai. Kowa na cewa ai maƙwabcinsa zai bar nasa, iska ta kawo wa matan dabino garin furen kamar yadda ta saba. Da aka farga, kwarin gaba ɗaya babu namiji ko na magani. Bara matan dabinon suka yi ƴaƴa ƙanana marasa ƙwallo, suka zube tun suna ɗanye. Bana ga su sun sake buɗewa, kuma furen mace ba ya jira.

Kafin la'asar ƙofar gidan Illa ta cika da jakuna. Manyan mutane masu gemu suna turereniya a lambun da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, wannan ya taɓa furen ya shinshina, wancan ya ce a daina taɓawa ana ɓarnar gari. Wani ya taka barkono, muka yi masa ca. Maiwada ya roƙi Illa ya dakata da sara, Illa ya sosa ƙeya ya ce itacen dai ba nasa ba ne, mai shi tana ɗaki.

Sai da aka yi sallama aka sake kafin ta fito. Maiwada ya durƙusa ya zayyana mata komai, ya ce in ta yarda a yanki furen a kai kwari, kowane mai dabino zai kawo mata kwando guda in an yi girbi, bana da kowace shekara. Muna kallon fuskarta tana sakewa a hankali. Ta dubi itacen, ta dubi taron, ta gyara tsayuwa.

Ta ce, “Kwando ku kai wa jikokina. Ni mata nake nema masa.”

Ba a gane ba. Ta ce tana son ɗiya ɗaya daga cikin waɗanda ke tsirowa a gindin babbar macen dabinon Maiwada, wadda duk ƙasar nan aka san zaƙinta, don ɗiyar gindi ba ta saɓa wa uwarta, mace ce tabbas. Maiwada ya yi tari. Ƴan'uwansa na jini sun roƙe shi ɗiyan nan ya hana. Amma mutanen da ke bayansa suka fara zungurinsa, ya ga ba mafita, ya ce ya bayar. Wata cikinmu ta rangaɗa guɗa, sauran muka kama, har masu dawowa daga kasuwa suka ratso suna tambayar wa aka haifa.

Washegari da sassafe aka yanki furen sili-sili, aka naɗe cikin tsumma mai tsabta. Hinda ta ce ƙafarta ƙafarsu, dole aka ɗora ta a jaki. Ta zauna a inuwa tana kallon samari na hawa suna cusa silin a cikin furen mata suna ɗaurewa da kaba, tana yi musu faɗa in ta ga gari ya zuba a ƙasa. Da hantsi suka dawo da ita, da ɗiyar dabino a cikin jiƙaƙƙen buhu.

Illa na tsaye a lambun, gefen tubalinsa. Ya ce, “Inna, yanzu ina zan sa ɗakin?”

Ta ce masa turken awaki ma wuri ne, awaki kuma ba sa ƙin ƙaura. Ba ta kiran sunansa, kasancewarsa ɗan fari, don haka sandarta ta ɗaga ta nuna ƙasan da yake takawa. Hawaye na bin kumatunta, tana dariya.

“Kai, kwashe tubalinka ka kawo fartanya. A ɗakin amarya kake tsaye.”