Kuskus ɗin Juma'a a Kan Babur

"A'a, Batul, kar ki ce gishiri. Gishirinsa daidai yake, ni na koya masa."

Lalla Zuhur ta yarfe rigar Badar, jikanta, ta shanya a igiya, ba ta ko kalli katangar da ta raba saman soronta da na maƙwabciyarta Batul ba. Kayan tafiya take wanke masa. Da la'asar zai hau mota zuwa birnin Tanja, aikin ɗaure wayoyi a wani kamfani, ya bar ta ita kaɗai a gidan.

Yaron nan fa bai yi gaggawa ba. Da ya gama karatu ya rasa aiki, sai ya lura matan unguwarsu a birnin Meknas duk sun kama aiki, amma ranar Juma'a dole kuskus ya sauka bayan masallaci, ko da mace za ta faɗi a kan tukunya. Ya ce shi zai dafa ya kai musu. An ce masa ɗan kasuwa tambaya yake fara yi, to ya tambaya. Gida gida ya bi da ɗanɗano a ƙaramin kwano, yana kiran kowace uwargida Lalla don girmamawa.

"Lalla, in ina kawowa za ki saya?"

"Allah ya yi wa hannunka albarka, ɗana! Wa zai ƙi?"

Kuma ba ƙarya suka yi masa ba, abin haushin ke nan. So suke kamar me. Ya dawo yana tsalle.

"Kaka, kowa ya ce e!"

"Har Batul?"

"Ita har da lashe cokali."

Sai ya sayar da keken ɗinkin marigayiya uwarsa, ya sayi babur, ya shafa masa fenti ruwan ɗorawa, ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a akwatin baya, ya sa masa oda mai kiɗa. Juma'ar farko ya tsaya ƙofar matar liman da kuskus ɗin da ta ce a kawo mata, ya danna odar. Tagogin layin duka suka buɗe. Matar ta leƙo, ta ga idanu, ta ce, "Wa ya aiko ka? Ni nawa yana kan wuta."

Babu komai a kan wutarta. Ranar burodi da zaitun liman ya ci.

Daga nan shi ke nan, ciniki ya mutu. Wace mace ce za ta yarda a ga kuskus ɗinta na Juma'a ya zo a kan babur? Ko da ya gane ya goge fentin, yara sun riga sun san ƙarar injin, suna bin sa suna kiran sunan gidan da zai tsaya.

Daga bayan katanga maganar Batul ta ci gaba, yanzu an koma kan yaran zamani da rashin haƙuri, da namijin da bai san girki na mata ne ba. Lalla Zuhur ta matse wandon ƙarshe. A ƙasa tana jin Badar yana jan jaka.

"Batul, ranar da surukan 'yarki suka zo, suka cinye kuskus har suna sumbatar hannunki, kin tuna? Ta kan katangar nan na miƙo miki shi, a cikin akushinki, da tsumma a rufe. Yanzu mai dafawar zai tafi. In sun dawo, sai ki dafa musu da kanki."