Ko Karatu Ko Jinya

"Sake faɗa mini a hankali," in ji Lorna. "Kaina ya ɗauki zafi."

Misis Hollis, mai ba ɗaliban kwalejin shawara kan kuɗin karatu, ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Da ganin fuskarta ka san maganar nan ta faɗe ta har bakinta ya gaji.

"Ranar da kika zama cikakkiyar ɗaliba, ranar za a tsayar da alawus ɗinki na mai jinya. A wurin doka, mai cikakken karatu ba shi da lokacin kula da kowa. Rancen karatun da za a ba ki kuma, kuɗin shiga ake lissafa shi, don haka sauran tallafin da kike samu shi ma zai taɓu."

"Rance fa. Abin da zan biya."

"Haka ake lissafa shi."

"To wa zai riƙa yi wa Baba wanka? Wa zai ɗaga shi in ya faɗi? Aljani?"

Misis Hollis ta mayar da tabaraunta.

Lorna Pickard ta doshi arba'in. Tun rasuwar mahaifiyarta take jinyar mahaifinta, Desmond, wanda duk unguwa ke kira Baba Des, tsohon mai sauke kifi a tashar jiragen ruwa ta garin Grimsby a Ingila. Ciwon karkarwar jiki ne da shi, wanda likitoci ke kira Parkinson. Ita ke masa aski, ita ke ɗaura masa maɓalli, ita ke lissafin ƙwayoyinsa. Yanzu ga shi an ba ta gurbin karatun nas, za a fara ranar Litinin. Abin haushin kenan. Aikin da take yi dare da rana shi za ta je ta koya a aji, amma doka ta ce tana shiga ajin ta daina zama mai jinya.

Ba yau ta fara jin wannan doka ba. Ta kwana biyu tana mitarta a gida, a gaban tukunya, a gaban injin wanki: ko karatu ko jinya, wai ba a haɗa biyu. Yau dai ta zo ne ko akwai wata 'yar kafa da za a bi.

"Ba za a bar ni in yi rabi-rabi ba? Kwana biyu a mako, ko da zai ɗau shekara shida?"

"Wannan kwas ɗin ba shi da rabi. Akwai zuwa asibiti koyon aiki, wani lokaci tun safe har yamma." Misis Hollis ta sassauta murya. "Ki saurare ni. Rancen zai ciyar da ku biyu in kun ɗaure ciki. Abin da ba zai iya ba shi ne biyan wanda zai zauna da mahaifinki. Don haka komai ya rataya ne a kan ƙaramar hukuma. In suka duba shi suka yarda yana buƙatar masu kula, za su riƙa turo su. Yaushe za su zo?"

"Yau, bayan azahar."

"To kin gani. Ki tabbata ya faɗa musu gaskiya. In ba ki zo ranar Litinin ba, gurbin ya zama na wani, kuma babu ɗagawa."

Lorna ta fito ana yayyafi, irin wanda ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwa. Bas ɗin farko ya wuce cike. Na biyu ya zo a makare, ya tsaya a kowace kusurwa kamar mai gaishe-gaishen dangi. Ta zauna kusa da taga tana kallon tsofaffin rumfunan kifi da aka rufe.

Mu a garin nan kowa ya san yadda ake yi in masu dubawa za su zo gida. Ba ranarka mai kyau ake faɗa ba, ranarka mafi muni ake faɗa. Amma je ka koya wa tsofaffinmu wannan! Mutum ko ƙafarsa ce ta guntule, baƙo na shigowa zai ce lafiya lau, a ɗora ruwan shayi. Da safen nan sai da Lorna ta durƙusa gaban kujerar mahaifinta ta riƙe hannunsa.

"Baba, don Allah, in mutumin ya zo ka faɗi komai. Har faɗuwar banɗaki."

"Na ji, shugaba," ya ce.

Ta bar shi cikin rigar barci da bargo a kan gwiwa, abincin rana a rufe kusa da shi, ta ce za ta dawo kafin baƙon ya iso.

Ba ta riga shi ba. Tana shan kwanar layinsu ta hango wata ƙaramar mota a ƙofar gida. Ta sa gudu. Tana buɗe ƙofa ta ji abin da ta daɗe ba ta ji ba a gidan nan: dariyar mahaifinta.

Ta tsaya a bakin falo kamar an dasa ta.

Baba Des na tsaye. Tsaye da ƙafafunsa, ba sanda. Ya sa baƙin kwat ɗinsa na zuwa jana'iza, da farar riga, har da laktaye. Ya yi aski, ga yanka biyu a haɓarsa ya liƙa musu 'yar takarda. A hannunsa butar shayi ce, yana tsiyaya wa baƙo, butar na ɗan rawa amma shayin na shiga kofi.

"Ga ta nan!" ya ce. "Malam Ogden, ga 'yata Lorna. Nas ce, ko in ce ta kusa. Ke, kin tsaya kina kallona kamar kin ga fatalwa. Cire rigar ruwan, kina jiƙa mini kafet."

Ogden, ma'aikacin da ƙaramar hukuma ta turo, mutum ne mai furfura da tattausar murya. Ya miƙe ya gaishe ta, ya ce ya ɗan yi sammako ne don wani gidan da zai je sun fasa.

"Mun yi nisa," ya ce. "Mahaifinki na ba ni labarin zamanin da kifi ke cika tasha."

Lorna ta dubi kan kanta inda akwatin magani mai gurbi-gurbi yake. Gurbin rana babu komai. Gurbin yamma ma babu komai. Nan take ta gane. Ya haɗiye na yamma tun lokacinsa bai yi ba, don jikinsa ya saki daidai zuwan baƙo. Maɓallan rigar nan kuwa, Allah kaɗai ya san tun yaushe yake fama da su.

"Saura 'yan tambayoyi," in ji Ogden. "Baba, wanka fa? Kana iyawa da kanka?"

"Tun kafin a haife ka nake wanka, yaro."

"Baba!" in ji Lorna.

"Hawa bene?"

"Sau nawa kake so in hau maka?"

"Ka taɓa faɗuwa a 'yan watannin nan?"

"Ya faɗi," in ji Lorna. "Makon jiya, a banɗaki. Sai da na kira maƙwabci muka ɗaga shi. Baba, faɗa masa mana!"

"Santsi ne. Ita ce ta zubar da sabulu." Ya kashe wa Ogden ido. "Ka san mata, in suka fara karatun asibiti kowa majinyaci ne a wurinsu."

"Cokali ma ba ya iya riƙewa in abin ya motsa. Ni nake ba shi a baki. Ni nake canza masa..."

"Lorna."

Sunanta kawai ya kira, da muryar da yake kiranta tana ƙarama in ta yi rashin kunya gaban baƙi. Ta sunkuyar da kai.

Ogden ya ajiye biro. Ya matso da kujerarsa, ya dubi tsohon ido cikin ido.

"Baba, bari in tambaye ka kai tsaye. In muka ce za mu riƙa turo masu kula, safe da rana, su taimaka maka da wanka da abinci, kana so?"

"Ba na so."

"Ka gane abin da nake nufi? Ba wai..."

"Na gane sarai. Hankalina ɗaya, ka tambaye ni ranar yau da sunan firaminista in kana shakka. Ba na buƙatar kowa. Ba na buƙatar 'yan hukuma, ba na buƙatar ita ma." Ya nuna Lorna da haɓa. "Rubuta wannan da manyan baƙi. Desmond Pickard ba ya buƙatar mai jinya. Yarinyar nan ba ta da wani aiki a gidan nan."

Ogden ya rubuta.

Lorna ta raka shi ƙofa, ta ja ta a bayanta. Suka tsaya a ƙarƙashin 'yar rumfar, yayyafi na taɓa musu takalma.

"Ka san wasa ya yi maka," ta ce.

"Na sani. Ba makaho ba ne ni, na ga haɓarsa, na ga akwatin maganin. Ba shi ne tsoho na farko da ya sa mini kwat ba." Ya sauke numfashi. "Amma hankalinsa garau yake, kuma ya ce a'a da bakinsa. Ba zan tura mutane su tuɓe wa dattijo riga a gidansa ba da yardarsa ba. Zan sa a kafa masa mariƙin ƙarfe a banɗaki, a ba shi ƙararrawar wuya ta kiran taimako in ya faɗi."

"Ƙararrawa ce za ta ba shi abinci?"

"In ya canza ra'ayi, ki kira, a sake sa ku a layi."

"Layin ya kai ina?"

Ogden ya dubi motarsa. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Ba kafin Kirsimeti ba."

Ta daɗe a tsaye bayan ya tafi. Ta shiga da niyyar yin faɗa, wallahi da niyyar ta zazzage masa duk abin da ke cikinta, na yau da na shekarun baya. Sai ta tarar maganin ya sake shi.

Yana gefen kujera, rabi a zaune rabi a zame. Ya so ya kwashe kofuna, ƙafafun suka kafe, ya faɗa baya. Hannun damansa na kaɗawa a kan cinya kamar ba nasa ba. Wandon kwat ɗin ya jiƙe daga gaba, kuma ba shayi ba ne. Muryar da ta cika falo ɗazu ta koma 'yar siririya, sai da ta sunkuya sannan ta ji.

"Ya tafi?"

"Ya tafi."

"Na yi ƙoƙari ko?"

"Baba, me ya sa? Na roƙe ka. Durƙusawa na yi na roƙe ka."

"Ke kika ce." Ya haɗiye yawu da ƙyar. "Kullum kina faɗa a kicin, kin zata ba na ji. Ko karatu ko jinya, ba a haɗa biyu. To na cire miki jinyar. Yanzu hukuma ta rubuta da hannunta ba ki da majinyaci. Ba wanda zai hana ki."

Ta ina Lorna za ta fara? Ta ce masa ya fahimci abin a juye? Ta ce wahalar da ya sha tun safe, shi da reza da maɓalli, ita ce ta rufe ƙofar da ta rage? Tausayinsa ya kama ta har ta ji kamar ƙirjinta zai tsage, kuma haushinsa bai tafi ba. Duka biyun suna nan.

Ta sa hannuwa a ƙarƙashin hammatarsa, ta ƙirga masa ɗaya, biyu, uku kamar kullum, ta gyara masa zama. Ta ɗebo ruwan ɗumi a roba da tawul da wando mai tsabta. Ta durƙusa ta fara kwance masa takalma. Igiyar ɗaya ya ƙulle ta tam, sai da ta sa haƙori.

"Ka yi ƙoƙari, Baba," ta ce. "Ka burge shi."

"Na faɗa miki." Ya ja numfashi. "Litinin ƙarfe nawa za ki fita? Ki bar mini burodi a kusa, ya isa."

Ta ci gaba da cire masa safa, ba ta ɗago kai ba.

"Au, ban faɗa maka ba. Kwalejin na je da safe. Sun ɗaga karatun, wai malamai ba su cika ba. Sai baɗi."

Hannunsa ya ci gaba da bugun hannun kujera.

"Bara ma haka suka ce," in ji shi.

"Haka suke."

Ta ɗago. Fuskarsa ba ta motsa ba, don ciwon ya daɗe da hana ta motsi. Amma hawaye na bin kumatunsa, yana gangarowa har cikin yankan askin, kuma ita yake kallo.

"Ɗaga hannu, Baba," ta ce, "in cire maka rigar."