Kanwa a Zoɓon Malam Saleh

Dijatu na tsiyaya zoɓo a kofi ke nan nas Adunni ta riƙe mata hannu.

"Mama, mene ne wannan?"

"Maganinsa ne. Na hawan jini."

Malam Saleh tela yana kwance, kwana biyu da faɗuwarsa a kan keken ɗinki a kasuwar Azare. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, amma magana tana fita da ƙyar. Wata huɗu da suka wuce ya ji a rediyo ana cewa masana na binciken wani sinadari a zoɓo, wai mai yiwuwa yana saukar da jini. Malam bai ji "bincike" ba, bai ji "mai yiwuwa" ba. Dama yana jin haushin ƙwayoyin asibiti, don suna sa shi fitsari, alwalar azahar ba ta kai shi la'asar. Ranar ya watsa su bayan katanga. Matarsa Dijatu ta yi magana, ta yi kuka, ya ce tun yaushe ta zama likita.

Adunni ta ɗanɗana, ta ɓata fuska. "Ba tsami. Me kika sa?"

"'Yar kanwa. Ya ce tsamin na kashe masa haƙora. Haka muke yi wa yakuwa."

"Kanwa da gishiri duk ɗaya ne a wajen mai hawan jini, Mama. Amma ba ita ce babba ba. Barin ƙwayoyin ne ya kwantar da shi."

Hajiya Fanna, yayar Malam, tana zaune a bakin gado da carbi. Ita ma kunnen gidansu gare ta: rabin farko ta ɗauka, ta bar sauran. Kafin la'asar labari ya je Dambam ya dawo. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya gaida mara lafiya, ya kalli Dijatu a kaikaice.

"Shekara ashirin da shida kina girki, a ce ba ki san kanwa ba?" in ji Hajiya a gaban mutane. "Kin nakasa mana ɗan'uwa."

"Yaya, ƙwayoyinsa ya zubar. Na roƙe shi har na gaji."

"Saleh ne zai zubar da magani? Mutum mai hankalinsa?"

Dijatu ta juya wajen mijinta. Ɗazu da safe wannan bakin ya iya neman ruwa, ya iya cewa kunun ya yi zafi.

"Malam, gaya musu."

Ya dube ta, ya dubi yayarsa da maza huɗu da ke tsaye a kansa. Sai ya lumshe ido kamar mai barci.

Dijatu ta daɗe tana kallonsa. Daga nan ta jawo kwanon kunu, ta ɗiba a cokali, ta hura. Ya buɗe baki.